Shayin da Bai Iso Ba

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar a Riyad, a tsakiyar shekarun casa'in, ranar da na zauna gaban wani tsohon ɗan sanda ina shirga ƙarya, mahaifina yana gefena cikin babbar rigarsa ta Sallah. Ni da na je neman gurbin karatun binciken laifuka, sai ga shi ni ne mai laifin, kuma irin mai laifin nan da ko ɓatar da sawu bai iya ba.

Bari in faro daga tushe. Baba ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a wani asibiti a Riyad, ya daɗe a can yana leƙen jinin mutane, Umma da ƙannena kuwa suna Katsina. Ni na yi shekara biyu a wata ƙaramar kwaleji a gida, na fito da difloma a fannin shari'a. Da na gama sai Baba ya ɗauko ni, muka zauna mu biyu a ɗan gidansa na haya a unguwar Shifa. Ba hutu ya kawo ni ba. Akwai wata jami'a a garin da ke da sashen nazarin laifuka da hukunci, suna ba baƙi gurbi ƙalilan, kuma mai difloma irin tawa ba sai ya faro daga ajin farko ba. Baba ya yi zirga-zirga har ya gaji kafin a ce in zo ganawa. Kwantiraginsa a shekarar zai ƙare, kuma takardar zamana a ƙasar a jikin tasa take rataye. In na samu gurbin, in zauna a matsayin ɗalibi. In ban samu ba, mu tattara mu koma tare.

(A lokacin, in faɗa maku gaskiya, kaina ba ya shiga ƙofa. Duk inda 'yan Nijeriya suka taru bayan sallar Juma'a, sai na san yadda na jawo hira ta koma kan shari'a. Ko gwangwanin lemo aka rasa sai in hau yi wa mutane tambayoyi. Har suna suka sa min, wai Sufeto, ni kuma ina amsawa ko kunya babu.)

Sharaɗin jami'ar ɗaya ne mai tsauri: cikakkiyar takardar sakamakona ta zo daga kwalejin a cikin ambulan a liƙe, da hatimin rajistara a bakin, ba wanda ya taɓa buɗewa. Wata biyar kawuna yana sintiri kafin ta fito, kuma fitowarta ke da wuya malaman kwalejin suka tafi yajin aiki, aka garƙame ofisoshi. Hajiya Rabi ce ta kawo ta, wata nas a asibitinsu Baba da ta dawo daga hutu. Ta ƙi sa ta a akwati tare da kuka da daddawa. A jakar hannunta ta riƙo ta, naɗe a cikin ɗankwali, tun daga Kano har falonmu.

"Ga amanarka nan, Alhaji," ta ce wa Baba. "Ko banɗakin jirgi da ita na shiga."

Baba ya karɓa da hannu biyu, ya duba hatimi uku masu shuɗin tawada da aka buga a bakin ambulan ɗin, ya ɗora ta a kan kabad kusa da Alƙur'aninsa. Ya dube ni yana murmushi ya ce, "Babana, saura Asabar." Haka yake kirana, don sunan mahaifinsa na ci.

To, ga inda matsalar take. Na riga na gaya wa Baba cewa duk darussana na cinye su da maki mafi girma. Ban san haka ba, cika baki ne kawai. Akwai darasi ɗaya, dokar shaida, da na yi wa malaminsa gardama a gaban aji har ya ce min mu haɗu a jarrabawa. Sakamakon da aka liƙa mana a allo jimla ce kawai, ba a rarrabe ba. Tun da ambulan ɗin ta hau kan kabad na daina cin abinci da daɗi. In na ɗaga kai ita nake gani. Ina ta ayyana yadda za a buɗe ta a gaban Baba, a karanto min abin kunya.

Ranar Alhamis da la'asar Baba ya kishingiɗa a falo yana sauraren rediyo. Na lallaɓa na ɗauko ambulan ɗin, na shige kicin, na ɗora butar shayi a wuta. Na taɓa karantawa a wani littafin labarin masu bincike cewa tururi yana sassauta gam, a buɗe a mayar ba wanda ya sani. (Littafin bai ce komai ba game da tawadar hatimi, ni kuma Sufeto ban tambaya ba.) Ina tsaye na juya wa ƙofa baya sai na ji takun Baba, zai wuce alwala.

"Babana, shayi ake dafa mana?"

"E, Baba."

"Madalla. A sa na'ana'a."

Ya wuce. Na kara bakin ambulan ɗin a tururi, gam ya saki kuwa kamar yadda littafin ya faɗa. Na zaro takardar, na bi layi da yatsa har na iso dokar shaida. Na ci. Wallahi na ci, da maki mai kyau ma, malamin nan bai riƙe ni a zuciya ba ko kaɗan. Na yi hamdala, na juya ambulan ɗin zan mayar, sai na ga ɓarna. Hatimin tsakiya ya narke, tawadar ta zubo kamar kwallin yarinyar da ta sha kuka. Na gefen dama ma ya fara bin sahu.

Abin da na yi bayan nan, ko maƙiyina ba na yi wa fatan ya yi. Na goge da tsumma, ya ƙara yaɗuwa. Na sa dutsen guga don takardar ta miƙe, gefenta ya yi ja. Na shafa gam ɗin da Baba ke liƙa hotuna da shi, ya tsattsafo ta waje. Daga ƙarshe na ɗauki biro shuɗi na zauna ina zana da'irar hatimi da hannuna, har da 'yan haruffan da nake iya tunawa. Na mayar da ita kan kabad na kifa bakin a ƙasa. Ruwan buta ya ƙone ƙurmus, shayi kuwa ban ma sake tunawa da shi ba. Baba bai tambaya ba.

Ranar Asabar ya ɗauki hutun aiki, abin da bai saba ba. Ya sa babbar riga fara da hula zanna, ya fesa turare. A mota yake gaya min ya gayyaci mutane walima bayan la'asar, Hajiya Rabi ce za ta yi tuwo da miyar kuka. Na ce masa ai da an bari sai an ga sakamako. Ya ce, "Haba Babana, me ya rage?"

Shugaban sashen wani dattijo ne siriri mai furfura, kowa Daktur yake ce masa. Ya tarbe mu da fara'a, aka kawo gahawa da dabino, ya yaba Larabcina, ya yi min tambayoyi na amsa har da ƙari. Sannan ya miƙo hannu, Baba ya ba shi ambulan ɗin. Ya juya ta. Ya ƙura wa bakin ido. Ya jawo aljihun tebur ya ɗauko gilashin ƙara girman rubutu. Sai a lokacin idona ya kai kan bangon bayansa, na ga hotonsa cikin kakin 'yan sanda da takardun yabo a jere. Ashe kafin ya koma koyarwa, aikinsa kenan shekara da shekaru, gano takardun jabu.

"Ya waladi," ya ce min a hankali, wato ɗana, "wa ya buɗe wannan?"

Gumi ya keto min duk da sanyin na'urar ofishin. Na ce ina jin 'yan kwastan ne a filin jirgi.

Ya girgiza kai. Ya ce 'yan kwastan da wuƙa suke yankawa, su liƙe da tef, su buga nasu hatimin a kai. Ba su da lokacin tururi, ba su da dutsen guga, kuma bai taɓa ganin ɗan kwastan da ya zauna yana zane da biro ba. Ya sake tambayata, murya ƙasa-ƙasa, kamar mai miƙo min igiya in kama. Ni kuwa maimakon in kama, sai na ƙara nitsewa.

"To wataƙila matar da ta kawo ce," na ce. "Ta daɗe a hannunta."

Har yau in na tuna wannan maganar sai na ji ɗaci a bakina. Matar da a daidai wannan lokacin tana tsaye a kan tukunya tana tuƙa tuwon walimata.

Baba ya ajiye ɗan kofin gahawarsa. Bai dube ni ba. Da Larabcinsa na asibiti, mai karyewa nan da can, ya ce, "Daktur, matar nan ba ta da laifi. Da hannuna na karɓa, hatimi uku lafiya lau. Ranar Alhamis na ga yaron nan a kicin ya ɗora buta. Na ɗauka shayi yake dafa min." Ya ɗan tsaya, sannan ya ce, "Shayin bai iso ba."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe. Daktur ya zaro takardar ya duba, ya ce sakamako ne mai kyau, babu abin ɓoyewa a ciki. Sannan ya faɗi abin da ya fi komai yi min ciwo. Ya ce ba ni ne na farko da tsoro ya sa ya leƙa ambulan ba. Da na ce masa ni na buɗe, da ya rubuta wa kwalejin da kansa, ya riƙe min gurbin har su dawo daga yajin aikin. Amma wanda zai ɗora laifinsa a kan wanda ba ya wurin, tun kafin a ba shi iko a kan kowa, ba zai iya sa hannu a takardarsa ba. Ya miƙe ya ba Baba hannu, ya riƙe shi ya daɗe, ya raka shi har ƙofa. Ni ina biye kamar jela.

Muka shiga mota. Na yi zaton gida za mu wuce, sai na ga Baba ya karya ya nufi kasuwar Aziziyya. Ya sayi kankana biyu da kwalin lemo, tunda ya riga ya gayyaci mutane. Da zai ba ni in ɗauka sai ya kira ni da sunana na yanka. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan a bakinsa ba, har na waiga in ga ko da wani yake.

Aka taru bayan la'asar, falo ya cika. Ana ta "Sufeto, ya aka ƙare?" Baba ya ce, "Allah bai nufa ba bana, takarda ce ta sami matsala." Bai ƙara ko kalma ba, kuma har ya bar duniya ban ji ya gaya wa kowa ba, ko Umma. Hajiya Rabi ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, fuskarta duk ta canza.

"Innalillahi! Alhaji, ba dai ni na lanƙwasa ta a jaka ba?"

"A'a, Hajiya," in ji Baba. "Ke kin cika amana."

Na sunkuyar da kai a kan tuwon da ta tuƙa, na kasa ɗaga ido in dube ta. (Sai bayan mako guda na iya zuwa na gaya mata gaskiya. Ta dube ni ta ce, "Allah ya shirye ka," ta zuba min abinci. Da ta mare ni da ya fi min sauƙi.)

Ƙarshen shekara aka buga wa Baba bizar fita ta ƙarshe, muka tattara muka koma Katsina. Shekara biyu ina zaune ina cike takardu kafin wata jami'a a gida ta ɗauke ni. Ina ajin ƙarshe ciwon suga ya kwantar da Baba. Duk ƙarshen mako nakan zo in zauna da shi. A duk tsawon shekarun nan bai taɓa ɗago maganar Riyad ba, bai taɓa ɗaure min fuska ba, amma kuma da sunana na yanka yake kirana. Kowa a gidan ya ɗauka girma ne ya zo min. Ni kaɗai na san dalili.

Wata safiya, ya rame ƙwarai, na dafa masa shayi ba sukari, na tsinko na'ana'a a bayan ɗakin Umma na jefa a ciki. Na tallafo shi ya zauna. Ya shinshina, ya kurɓa sau biyu, ya ɗago ya dube ni, idonsa yana dariya.

"Babana," ya ce, "yau dai ya iso."

Na fita tsakar gida na yi kukan da ban yi ba a Riyad. Bayan kwana tara ya rasu, saura wata huɗu in karɓi digirin da ya yi ta wa zirga-zirga.

Yanzu a kotu nake aiki, kuma ni ne mai ajiyar kayan shaida, duk ambulan da aka liƙe aka buga wa hatimi a hannuna take kwana. Abokan aikina suna min dariya wai ko katin ɗaurin aure aka kawo min, sai na nemi shaidu biyu kafin in buɗe. Nakan bar su su yi dariyarsu. Abin da na koya dai bai taka kara ya karya ba: in ka yi ɓarna aka tambaye ka a hankali, ka amsa tun a tambayar farko. In kuma ka ce wa mahaifinka shayi kake dafawa, to don Allah ka kai masa tun yana da zafi.