Ƙarfen da Na Ɓoye wa Takarda

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban mutum takwas a ɗakin taron meri, wato ofishin magajin gari, na Dogon Dutsi, na zazzage wa wani dattijo rashin mutunci a kan laifin da ke kwance cikin jakata ba. Ko yanzu in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi, alhali duk garinmu Kiyeshe an san ni ba na cikin matan da kunya ke kamawa da wuri.

Sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Wadda ta taɓa yi ta san inda wahalar take. Suya da murza da kai wa inji duk wasa ne. Aikin yana wurin juya ƙullu a turmi, kina zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan kina tuƙawa, har man ya yarda ya fito. Shekara ashirin da wani abu ina wannan tuƙi, har kafaɗata ta dama ta soma ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ciwon nan ne ya sa na zauna na yi tunani. Na samu rabin tano, wato gangar ƙarfe irin ta zuba mai, na sa aka kafa masa sandar ƙarfe a tsakiya mai fukafukai uku, aka haɗa da feda da sarƙar tsohon keken maigidana (bai yafe mini ba har yau), yadda mace za ta zauna ta juya da hannu ɗaya.

Farko abin bai yi ba. Ƙullun sai ya dunƙule a jikin sandar ya yi ta zagaye da ita, ko ɗigon mai babu. Wata biyar ina fama kafin na gane abin da ya rage: wani lanƙwasasshen ƙarfe, tsawon kamu ɗaya, da za a rataya a jikin tanon daga ciki, ya riƙa tare ƙullun yana mayar da shi ƙarƙashin fukafukan. Na sa masa suna haƙarƙari, don kamar da suke yi. Ranar da na rataya shi, aikin da ke cin wuni ya ƙare kafin azahar. Na zauna gaban tano na yi kuka ni kaɗai, na share hawaye, na tashi na rufe ƙofar ɗakin da kwaɗo.

Kada a ce rowa ce kawai. Na taɓa ƙirƙiro ƙuli-ƙuli mai citta da kanumfari, kasuwa biyu kacal aka ci duk layinmu ya koma yin irinsa, har wata tana rantsuwa wai kakarta ce ta koya mata. Kuma mu a Arewa haka muka tashi muka gani. Gwaggona mai magani ce, mutane na zuwa daga nesa ta ba su laƙani, ta lissafa musu saiwa shida ta riƙe ta bakwai a cikinta. Mai daddawa ba ta faɗin duk abin da take sawa, maƙeri ma ba ya nuna wa baƙo yadda yake shayar da ƙarfe. Ba wanda ke kiran wannan ƙarya, hankali ake ce masa. Saboda haka ko ƙirar ma raba ta na yi: tano a Dutsi, sanda a Tibiri, haƙarƙari kuwa sai da na hau mota har Dumega wurin wani maƙeri da bai san ni ba, na ce masa na ƙofar akurkin kaji ne. In zan fita unguwa sai in cire shi, in naɗe a tsumma, in jefa cikin jaka.

Ina da shekara arba'in da uku na shiga karatun manya. A can, bayan na iya haɗa baƙi, na fara jin cewa akwai wata takarda da ake kira birebe, wadda in ka ƙirƙiro abin da ba a taɓa yi ba hukuma za ta shaida naka ne. Ba mai ƙera irinsa ya sayar sai da izininka, kuma in ya sayar kana da rabo. Na ce to, ga abin da nake nema tun zamanin citta da kanumfari. Ana haka sai wani furoje mai taimakon masu sana'ar hannu ya turo wata injiniya, Madam Ramatu, yarinya ce sa'ar ɗiyata ta fari, don ta taya mutane haɗa dosiye, wato takardun neman bireben. Kwamitinsu zai zaɓi waɗanda za a kai takardunsu Yamai.

Ta zo gida, na buɗe mata ɗaki (haƙarƙari na cikin jaka tun da na ji ƙarar babur ɗinta). Ta duba, ta auna, ta ce, "Inna, ke za ki rubuta bayanin da hannunki da Hausa, ni in juya shi Faransanci. Ki rubuta komi da komi, yadda wanda bai taɓa ganin abin nan ba zai karanta ya ƙera shi."

Na ce, "In na rubuta komi, mi ya rage nawa?"

Ta yi dariya ta ce ai rubutun shi ne ke mai da shi nawa. Na gyaɗa kai. A raina na ce, yarinya, kin yi karatun lakwal amma ba ki yi kasuwa ba.

Sai idonta ya kai kan 'yan maratayai biyu da ke cikin tanon, inda haƙarƙarin ke zama. "Waɗannan fa?" Ban ko ƙifta ido ba na ce na rataye ludayi ne. Ta sa su a zanen tanon da take yi, ni kuma na sa su a rubutu, da awonsu daidai.

Kwana tara na yi ina rubutun nan cikin kaye, littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Shi ne dogon rubutu na farko da na taɓa yi a duniya, shafi huɗu, kuma na yi alfahari da shi har na kai wa malamarmu ta karatun manya ta ga tsabtarsa daga nesa. A zatona takarda irin ta haihuwa ce: a duba, a buga hatimi, a miƙo mini. Madam ta ce za a yi gwaji gaban kwamiti, in zo da ƙullu da ruwan zafi kawai, kada in wahalar da kaina da ɗauko tano. Na ɗauka tambayoyi za a yi mini a kan ƙullun. Ban tambaya ba, don ba na son a ga kamar ban gane ba. Wannan ma wani ciwo ne na wanda ya yi karatu da girma.

Ran gwaji na ci ado, na tafi da aminiyata Dije tana ɗauke da bokitin ƙullu. Muna shiga na ga mutum biyar a bayan tebur, Madam a gefe, da wani dattijo mai furfura, hannuwansa duk tabon wuta. A tsakiyar ɗakin kuma ga tanona. Wato ga irinsa, sabo fil, har da fenti shuɗi.

Madam ta yi bayani tana murmushi, wai albishir take mini. Ta ce kafin a kai dosiye Yamai suna so su tabbata bayanin ya cika, shi ya sa suka ba dattijon nan, Baba Mamman mai walda, takardata, bayan ya sa hannu cewa ba zai faɗa wa kowa ba, ya ƙera abin da ya karanta. 'Yan kwamiti ma duk sun sa hannu. "Bismilla, Inna, ki nuna musu."

A nan ne mai hankali za ta ja Madam gefe ta faɗi gaskiya cikin raɗa. Ni kuwa na ɗaura ɗamara, na juye ƙullu, na zuba ruwa, na kama feda. Ban san abin da nake jira ba, ko ina zaton ƙullun zai ji kunyar baƙi ne. Ya dunƙule a jikin sanda ya shiga zagaye, daidai yadda ya yi mini wata biyar. Na ƙara ruwa. Na ƙara ƙarfi. Zufa ta wanke mini hoda, ɗankwali ya zame. Shugaban kwamiti ya leƙa ya ce, "Hajiya, man yana zuwa ko?" Dije, wadda ta sha ganin man da nake fitarwa ba ta taɓa ganin cikin tanon ba, ta ce, "Wallahi na gida ba haka yake yi ba."

Maganar nan ta Dije ita na kama kamar igiya. Na saki feda na juya kan Baba Mamman.

Ba zan maimaita duk abin da na ce ba. Na ce aikin ganin ido ya yi. Na ce an ba makaho takarda. Na ce in gyaran ƙafar amalanke ya iya ya tsaya can, ya bar aikin da ya fi ƙarfinsa. Har na ce wa ya sani ko da gangan ya ɓata don ya koma shago ya ƙera na kirki ya sayar. Mutumin nan ya haife ni. Bai katse ni ba, yana tsaye da hularsa a hannu, sai da na gaji don kaina.

Sannan ya zaro takarda daga aljihu, kofen rubutuna, ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce, "Ɗiyata, ni ban yi lakwal ba, jikata ta karanta mini har sau uku. An ce ke kin iya karatu. Karanta muna, ki nuna inda na kauce, in gyara yanzu. Kayan aikina na waje."

Na karɓa. Na karanta da ƙarfi, layi-layi, yadda aka koya mana, yatsa na bin baƙi. Duk abin da na ambata sai ya taɓa shi a jikin tano: sanda, ga ta, fukafukai uku, ga su. Ban taɓa jin shafi huɗu sun yi tsawo haka ba. Da na kai wurin maratayai, sai na tsaya. Ya ce, "Yauwa, nan ne ni ma na tsaya. Na yi su yadda kika ce. Amma shekara arba'in ina ƙira, ban taɓa ganin wanda ya rataye ludayi inda fukafukai za su karya shi ba. Na ce wataƙila na mata ne, ban sani ba."

Madam Ramatu ta dube ni, kuma wannan kallon ya fi mini zagi ciwo. Na sunkuya, na buɗe jaka, na ture goro da carbi, na fiddo tsumma. Ina warwarewa Dije ta ce, "La'ilaha! Wanga ƙarfen da kika ce mini na tsarin jiki ne?"

Wani ɗan kwamiti ya fashe da dariya, ya mayar da ita tari. Baba Mamman ya karɓi haƙarƙarin, ya juya shi a hannu, ya rataya a maratayan nan, ya zauna daram. Ya kama feda da kansa. Ba a jima ba ƙullu ya soma sheƙi, mai ya taru a gefe. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kai. Wanda ya yi tunanin wanga yana da kai." Da ya rama zagin da na fi samun sauƙi.

Bayan an watse Madam ta zaunar da ni a kan benci. Ta ce, "Inna, kin san abin da ya kusa faruwa? Da takardar nan ta wuce yadda take, tano da feda za ta tsare miki, abin da kowane mai walda zai iya haɗawa kuma ba ya fid da mai. Haƙarƙarin, wanda shi ne naki na gaske, ba ya ciki. Ran da wani ya leƙa ya gani, ko ya gano shi da kansa, ya riga ki rubutawa, ba ki da bakin magana." Na ce ai tsoro nake kada ita ma ta ɗauka. Ta ce ta sani, kuma ba ni ce ta farko ba, amma ni ce ta farko da ta zagi mai walda.

Na yi ta juya maganar nan a mota har gida. Dabarar gwaggona ba wauta ba ce. A zamaninta ba ta da wani mai tsaron iliminta sai bakinta, kuma ya tsare mata shi har ta koma ga Allah, saiwa ta bakwai ta bi ta kabari, yau ba wanda ke amfana da ita, har mu. Ni kuma na je neman sabon mai tsaro, na ƙi nuna masa abin da zai tsare.

Kwamiti bai kori dosiyena ba, amma an ɗage shi zuwa zama na gaba, na sake rubutu, shafi biyar wannan karon. Yanzu yana Yamai, ina jiran amsa, ban san yadda za ta kasance ba. Kafin nan sai da na ɗauki galan na mai da ƙuli-ƙuli na tafi shagon Baba Mamman, na durƙusa gaban masu kawo gyaran amalanke na ba shi haƙuri. Ya ce ya yafe tun a ɗakin. Ya ce in takarda ta fito yana so ya zama shi zai riƙa ƙera mini, da izini, a rubuce. "Sai dai," in ji shi, "ki riƙa zuwa da jakarki in duba."

Abin da na koya bai da yawa. Takarda ba ta tsare abin da ba a faɗa mata ba. Sirrin da na ƙi faɗa wa mace ɗaya cikin ɗakina, na ƙare da kwance shi gaban mutum takwas, hoda na zuba. Bakina dai bai mutu ba, kada wani ya sa rai. Amma yanzu in na ji zagi ya taso mini, nakan tsaya tukuna in tambayi kaina ko akwai wani abu nawa da na naɗe a tsumma.