Rasuwar 'Yar Gwanjo, Jitar Mai Gyaran Firji

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ga kuma gajiyar da ta kai har ƙashi, Mai Firji na bakin kasuwa yana sanar da 'yan'uwa, abokan arziki da maƙwabtan da suka daɗe suna haƙuri, rasuwar jitarsa wadda aka fi sani da 'Yar Gwanjo. Ta cika a shagon kafinta bayan doguwar jinya. Ba a san shekarunta ba, don da tsufanta ta shigo gidan.

Ranar da ya je sayenta ya tarar da wasu a rataye suna ƙyalli, ya tambayi kuɗinsu, ya yi gyaran murya ya ce dama wucewa yake yi. Marigayiya tana can ƙuryar shago jingine kusa da tsintsiya, kunnenta ɗaya na ɗaure tsirkiya a karye. Mai shagon ya rantse masa cewa mai koyo ba ya buƙatar fiye da haka. Shekaru suka tafi, furfura ta fito, shi kuwa yana nan a mai koyo.

Buri ɗaya gare shi. Akwai waƙar da ya tsara wa matarsa tun yara suna ƙanana, yana so ya naɗe ta a waya sau ɗaya tak, ba tuntuɓe, ya miƙa mata. Don haka ya mai da ɗakin ajiya wajen ɗaukar sauti, ya manna kiret ɗin ƙwai a bango, ya toshe taga da tsohon bargo, yana ta zufa a ciki kamar mai gasa burodi. Abin haushin, mutum ne mai kunne. Daga bakin ƙofa yake jin kukan firji ya ce gas ne ya ƙare ko injin ne ke shirin tafiya. Duk inda kiɗan ya kauce, shi ne farkon ji.

A nan halin marigayiya ya fito. Ba ta da murya, gaskiya. In an taɓa ta ta ce ƙyarrr, in an matsa mata ta ce ɓam, ta yi shiru. Amma wallahi ba a yi mai rufin asiri irinta ba. Duk kuskuren da aka yi a ɗakin nan ita ta ɗauka. In ya fito yana yarfe hannu matarsa ta tambaya ko an dace, sai ya ce wuyan jitar ne ya lanƙwashe. Gobe tsirkiya ce ta yi tsatsa. Jibi sanyi ne ya kumbura katakon. Matar ta ja tsaki ta ce ai tarkacen nan ne ke cutarsa, da ya samu mai kyau da tuni an san da shi. Marigayiya tana jingine tana ji, ba ta taɓa musawa ba.

Ciwon ajali ya fara da tsagewa a gindin wuya. Aka shafa mata gam, aka ɗaure da robar taya, abu sai gaba yake yi. Daga ƙarshe ya saɓe ta zuwa wajen kafinta. Suna zaune ana jira, wani direban tasi da ya zo karɓar benci ya ɗauke ta don rage zaman banza, ya murɗa kunnuwan, har da karyayyen da filaya, ya ɗora yatsu. Jama'a, sai 'Yar Gwanjo ta buɗe baki! Tin-tirin, tin-tirin, garau, babu ƙyarrr ko ɗaya. Kafinta ya ajiye zarto. Daɗi da kunya suka haɗu wa Mai Firji a ƙirji, don tsirkiyar nan ce mai tsatsa, wuyan nan ne lanƙwasasshe, ba abin da ya canza sai hannu. Direban ya ƙara murɗa kunne ɗaya, wuya ya ce ƙas, shi ke nan. Ya ba da haƙuri, ya ɗauki bencinsa ya tafi. Mai Firji ya daɗe a zaune kafin ya iya tattara ta a buhu, kuma bai gaya wa kowa a gida abin da kunnensa ya ji ba.

Marigayiya ta rasu ta bar ƙaninta makirufo, wanda ke sanye da safa saboda iska, gwanin ɗaukar ƙarar injin niƙan maƙwabta. Ta bar wayar haɗi da salatef ya fi roba yawa a jikinta, da ɗan yankin tsohon katin banki da ake kaɗa ta da shi, da wayar hannu cike da rabin waƙa, rabin waƙa, kowanne ya ƙare da tsaki. Ta kuma bar maigidanta a fili, ba wanda zai sake ɗora wa laifi.

Don kuwa babbar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, da jin labari ta ce wahalar Baba ta ƙare. Ta aiko da sabuwa, mai kyau ta gaske, wadda ba a yi mata ƙarya. Tana falo a kwalinta. Matarsa har ta goge kwalin, ta ce yanzu ne za ta ji waƙarta yadda take. Shi kuwa tsoro ne ya cika shi, kullum sai ya ce mata ai ba a share makoki ba tukuna.

Za a yi wa marigayiya sutura da tsohon zanen gado ranar da ba ya fita shago, bayan abincin rana, a kai ta makwancinta a saman durowar kaya. Uwa da 'ya sun tsayar cewa da baƙi sun watse za a yanke igiyar kwalin, a zauna a saurare shi. Saboda haka Mai Firji yana roƙon duk wanda ya zo ta'aziyya, don girman Allah, ya ja gaisuwar da tsawo, kada ya yi saurin tashi.