Lambar da Ta Kulle Wayar Kaka

"…lafiya lau, tsohuwa. Ya ƙafar?"

"Ƙafar gidanku! Matso nan, mugu."

Ina guga a falo ƙanena ya shigo, ɗalibin lissafin nan mai shegen iyayi. Kakarmu kuwa ta cika ta yi fam. Ƙanen nawa ne ya sa wa wayarta lambar sirri, ita da yatsa take buɗewa. Yau wayar ta mutu, da aka kunna ta ƙi yatsan, sai lamba. Kaka ta yi ta danne-danne har wayar ta ce saura gwaji ɗaya ta goge komai. A ciki kuma akwai saƙon murya na ƙarshe da marigayi kakanmu ya bar mata.

"Faɗi lambar!"

"Na manta ta, amma na san halinta."

"Halinta? Aurenta za ka yi?"

"Da na huta da ke. Lambobi biyar ne a jere. Ta gaba ta baya duk ɗaya take karantuwa, in kin tara su bakwai ne. Kuma ba ta rabuwa da kowace lamba, sai ɗaya da ita kanta."

"Marowaciya ke nan, irinka! Mutane na sa shekarar haihuwa, kai ka sa min aljana."

"Shekarar haihuwarki ai ba a fara ƙirga ba tukuna."

Wallahi kamar in ɗora masa dutsen gugan. Ya sunkuya yana lissafi a tafin hannu, sai zufa.

"Uku ne suka dace: 10501, 11311, 30103."

"Uku, gwaji ɗaya! Kishi ne ke cinka. Mijina na gaske ya fi ka yana raye, ya fi ka yana kabari, shi ne za ka kashe min shi sau biyu."

Muryarta ta karye. Ta nuna shi da yatsa, ta ci gaba:

"Kanka sifili, karatunka sifili, kai kanka sifili!"

Ya ɗago a firgice. "Sake faɗa! Ai wurin sifilin wayarki ba ya dannuwa tun ranar da kika zauna a kanta."

"Ƙarya kake, kujera ce ta zauna a kanta."

"Ba yadda za a yi in sa mai sifili. Saura ɗaya."

Ya danna 11311. Wayar ta buɗe. Kaka ta fizge, ta kunna saƙon. Muryar kakanmu ta cika falon, da tarinsa da komai: "Ina asibiti, kar ki damu. Ki daina zagin yaron nan, kai gare shi."

Kaka ta share ido da gefen zane, ta yi dariya, ta tura masa kofin shayinta.

"Sha. Albarkacin abokin kishinka ka ci, amma shi ma bai san ka ba ne."