Yadda Za Ka Zama Gwanin Tanis a Gyaɗi-Gyaɗi Ba Tare da Ka Yi Gumi Ba

Kai da kake zaune babu sana'a, ga budurwa kana so, ga ubanta ya fara tambayar me kake yi, matso kusa. Ni Murtala tela na yi maka alkawari: cikin sati uku unguwar nan kaf za ta riƙa kiranka "ɗan wasa", kuma ko ɗigon gumi ba za ka zubar ba. Ba da ka nake magana ba. Na gwada tsarin nan a kan ƙanina Mu'azu, mai neman Zainab 'yar Alhaji Isyaku na Tarauni.

1. Zaɓi wasan da babu wanda ya sani

Kada ka kuskura ka ce ƙwallon ƙafa. A take za a jefo maka ƙwallo, asirinka ya tonu kafin la'asar. Ka ce tanis. In wani ya ce, "Na tebur?" ka dube shi sama da ƙasa, ka ce, "Haba Malam, na fili." Shi ke nan, ya ji kunya, ba zai sake tambaya ba.

2. Kayan aiki

Nemi raket, wato abin buga ƙwallon, wajen 'yan gwanjo, da jaka wadda ta kusa kai ka tsawo. Ka zo shagona in cika maka ita da ƙyalle, domin jakar gwani nauyi gare ta. Farar riga da gajeren wando ni zan ɗinka. Amma ka ɗora dogon wando a sama har sai ka wuce masallaci. Liman bai san tanis ba, amma ya san gwiwa in ya gan ta.

3. Atisayen safe

Ka fito daidai lokacin da teburin mai shayi ya cika. Ka sheƙa da gudu, fuska a murtuke, kada ka amsa gaisuwar kowa. Kana shan kwana ka tare adaidaita. Ka je inda ba a san ka ba, ka nemi inuwa ka zauna. Ƙarfe goma ka fasa ruwan leda a ƙeya, ka dawo kana ɗingishi.

Ayaba kuwa rabi ake ci, a mayar da sauran cikin jaka. Kada ka tambaye ni dalili, haka manya ke yi a talabijin.

Sai nishi. Duk abin da za ka ɗaga, ko buta ce, ka ce "Hah!" Amma a yi da lissafi. Mu'azu ya wuce gona da iri har Inna ta aika a karɓo masa rubutu.

4. Tafiya gasa

Gwani ba ya zaman gida. Duk wata ka bi maƙwabta kana sallama, ka roƙi addu'a, ka saɓa jaka ka tafi gidan gwaggonka a nan unguwar Daurawa. Kashe waya, kwana huɗu. In ka dawo ka ce daga Lome kake.

Kada ka taɓa cewa ka ci gasa, za a ce ina kofin. Ka ce, "Saura ƙiris, iska ce ta cuce ni." Zainab ta taɓa tambayar Mu'azu yaya Lome take, ya ce, "Wallahi kamar Daurawa." Ita ce gaskiya ɗaya da ya faɗa a watan.

5. Ranar da uban yarinya ya kira ka

Ka durƙusa tun daga bakin zaure, kai a sunkuye, hannuwa a ɓoye. A ɓoye na ce! A nan aka yi mana ba-zata.

Mu'azu ya durƙusa yadda na koya masa, sai Alhaji Isyaku ya miƙo masa hannu. To, wa ya isa dattijo ya miƙo hannu ya ƙi karɓa? Alhaji ya riƙe hannun bai saki ba. Ya juya tafin, ya shafa da babban yatsa.

"Shekara nawa kana bugawa, yarona?"

"Tara, Baba."

"Ikon Allah. Hannu sai ka ce biredin safe."

Sannan ya buɗe nasa tafin. Duk kanta, tun daga gindin yatsu.

"Ni talatin da huɗu," in ji shi. "Tun ina ƙaramin ma'aikaci."

Mu'azu ya ce min a nan ne ya fara gumin gaskiya a rayuwarsa. Alhaji bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi sauƙi. Cewa ya yi, "Ba zan kira ka maƙaryaci ba, tunda Zainab ta ce kai take so. Gobe ƙarfe shida ka same ni a fili. Ranar da ka ci ni wasa ɗaya, ɗaya tak, ka turo manyanka."

6. Abin da ya rage

Babu wata dabara kuma, ɗan'uwa. Wata bakwai ke nan. Mu'azu na tashi ya yi gudu na gaske, ya yi tsallen igiya, ya buga ƙwallo ɗari biyu a bangon gidanmu har fenti ya zube. Ya daina kwanan Daurawa. Ayaba yanzu duka yake cinyewa, har ya nemi ƙari.

Shi kuwa Alhaji da hularsa yake shiga fili. Yana mayar da ƙwallo yana hirar fansho da abokinsa Mista Habila da ke zaune a benci. Zainab kan tare Mu'azu a soro ta ce, "Don Allah ka dage mana. Gwiwar hagu ce ke damun Baba, ka riƙa aika masa ƙwallo ta can."

"Ke, in na samu ta tsallake raga ma ai na gode Allah," in ji shi.

Ranar Asabar da ta wuce na je kallo. Wallahi saura bugu ɗaya Mu'azu ya ci, har na miƙe tsaye. Sai Alhaji ya ɗaga hannu, ya taka a hankali zuwa benci, ya cire hularsa ya ba Mista Habila ya riƙe masa. Abin da ya biyo baya ba zan rubuta ba, ƙanina ne.

A hanyar gida Mu'azu ya ce min, "Yaya, ka ga ya cire hula kuwa?" Murna yake yi, bawan Allah.

A kula

Ni tela ne, ba koci ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya wayi gari da kanta a hannu da ciwon cinya, ko ya tsinci kansa ya zama ɗan wasan gaske, babu ruwana, kada ya zo min shago. Aiki ya ishe ni. Kayan angoncin Mu'azu na nan rataye a bayana, sau biyu ke nan ina rage musu ƙugu.