Ranar da Na Hura Huhun Rago a Gaban Anspekta

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ba mataccen rago numfashina, ni kuma na rasa nawa. Lokacin ina malamin kwantiragi a wani kolej a Dungas, ina koyar da ilimin halittu. Aka ce anspekta, mai duba aikin malamai, zai zo daga Magarya ya zauna a ajina, kuma abin da ya rubuta a kaina shi za a duba kafin a ɗauke ni aiki na dindindin. Ko ɗar ban ji ba. Gani nake duk Damagaram ba malami kamata (har yau ma ban gama canza ra'ayi ba).

Darasin shi ne, me ya sa babbar halitta ba ta rayuwa sai da huhu, alhali 'yar mitsitsiyar halitta ta jikinta kawai iska ke shiga? Na ce ni ba zan tsaya zane a tablo, wato allon aji, kamar kowa ba. Na jiƙa dafaffen rogo a ruwan zoɓo, ɗan ƙanƙanen yanki da ƙaton gunduwa. Ranar kasuwa kuma na sayo huhun rago har da maƙogwaronsa, don in hura shi yara su ga yadda yake buɗewa. Matata ta ce, “Malam, ba ka gwada shi a gida tukuna?” Na ce, “Me za a gwada? Mahauta ma akuya sukutum suke hurawa in za su feɗe.”

Anspekta ya zauna a bencin baya, siririn dattijo da ba ya murmushi. Na yanka ɗan rogon, ja har tsakiya. Na yanka ƙaton, baya ja, ciki fari fat. Na ce, “Kun gani? In jiki ya girma, abin da ke shiga ta fata ba ya kai wa ciki. Shi ya sa Allah ya yi mana huhu, mai 'yan jakunkuna birjik, iska ta samu fili mai faɗi ta shiga jini.” Dattijo ya gyaɗa kai. Kaina ya ƙara girma.

Sai na ɗaga huhun, na zura tiyo a maƙogwaron, na cika ƙirji na hura. Shiru. Na sake hurawa, sai wani ɗan fito “fiii” daga ƙasa. Ashe likitan dabbobi kan tsaga kowane huhu da wuƙa a mahauta don duba cuta, ni kuwa ban ko juya nawa na duba ba. Mai hankali da nan zai tsaya. Ni na ce wa yara, “Ku zuba ido, yanzu zai tashi!” Na dinga hurawa ba ƙaƙƙautawa, ga zafi, ga ban karya ba. Tablo ya soma juyawa.

(Ya kamata in faɗa muku ni mutum ne mai jiki. 'Yan kabu-kabu, masu haya da babur, in sun hango ni kau da kai suke yi.)

Da na farfaɗo, ina kwance a ƙasa, huhun rago a kan ƙirjina, anspekta na yi mini fifita da hularsa. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na ce shi ke nan, aiki ya tafi.

Dattijon ya miƙe ya dubi aji. “Wa zai gaya mini me ya ka da malaminku?”

Wata yarinya, Rabi, ta ɗaga hannu. (A wajenmu Mushe ɗalibai ke ce wa malami, da Faransanci.) “Mushe ya ba rago iskarsa duka. Shi kuma ƙato ne, kamar babban rogon nan, fatarsa ba ta iya kai masa iska har ciki.”

Aji ya kece da dariya. Anspekta ya danne tasa da kyar, ya ce, “To, darasi dai ya shiga. Ku ɗaga shi.” Sai da samari suka taru kafin a iya.

An ɗauke ni aikin. Amma sunan Mushe Huhu ya bi ni, har ɗalibaina da suka yi aure, da sunan suke gaishe ni. In na ratsa ta mahauta kuwa, sai an kwaɗa mini kira: “Mushe, ga wani mun ajiye maka, wannan ba a tsaga ba!”

Tun daga ranar, in matata ta ce in gwada abu a gida, gwadawa nake yi. In ma faɗuwar ce, gara a kan tabarmata.