Ranar Da Na Kwanta A Lambun Matata

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar da na kunyata kaina a gaban surukina ba, kuma da ƙafata na kai kaina.

Shekara tara muna haya a Hotoro, a gidan da aka malale tsakar gidansa da siminti har bakin ƙofa. Matata Hauwa kuwa a cikin itatuwa ta tashi, don haka sai ta koma shuka na'a-na'a da attaruhu a tsofaffin bokitan fenti. Da mahaifinta, Baba Alhaji, ya yanka mata fili daga bayan gidansa na Nassarawa GRA, aka zagaye da katanga aka fitar mana da ƙofarmu, abu ɗaya kawai ta roƙa. Ta ce in tsara ɗakuna yadda na ga dama, amma a bar mata lambu a gaban gida, ƙafa goma sha biyar tsawo, goma faɗi. Na ce in dai wannan ne an gama. Har da buga ƙirji.

Mai zanen gidaje ya zana lambun, ya zana mini baranda a gefensa. A takarda barandar ta yi mini kyau. Amma ranar da magininmu Malam Sabo, wani dattijo ɗan Kawaji, ya kafa sanduna ya ja igiya ya zuba layin farar ƙasa, sai na ga abin ya tsuke kamar tabarmar sallah. Malam Sabo ya ce haka kowane gini yake, ƙarami yake a ido kafin bango ya tashi. Ban yarda ba. (Ni ma'aikacin ofis ne, bulo ɗaya ban taɓa ɗorawa ba, amma ina da ra'ayi a kan komai.)

Gaskiyar magana, akwai abin da nake ƙullawa. Majalisarmu mu goma sha ɗaya ne, kuma tsawon shekarun nan a barandar wani abokinmu muke shan shayi, yana zaune a kujerarsa mai lilo kamar shi ya ƙirƙiro inuwa. Na ci alwashin sai majalisar nan ta dawo gidana.

Sai na ce Malam Sabo ya matsar da igiya ƙafa biyu cikin lambu. Ƙafa biyu ai ba komai ba ce. Bayan kwana uku na tuna ban lissafa teburin shayi ba, aka ƙara biyu. Sannan wurin talabijin don kallon ƙwallo. Sannan na tuna biyu daga cikinmu masu tumbi ne, kowanne sai an ba shi wurin mutum ɗaya da rabi. Da tsawo ya kusa ƙarewa na koma cin faɗi, saboda hanyar mota. Duk sanda na ce a matsa, Malam Sabo sai ya tambaya ko Hajiya ta sani, ni kuma in ce zan yi mata bayani. Hauwa malamar makaranta ce, lokacin tana fama da makin jarrabawa, ba ta leƙa filin. Kullum ta tambaye ni lambu sai in ce yana nan. Kuma ban yi ƙarya ba, yana nan, raguwa kawai yake yi.

Aka sa ranar addu'ar aza harsashi, Asabar ƙarfe sha ɗaya na safe. Baba Alhaji zai zo da limamin masallacinsu, Hauwa ma za ta zo. Na ɗau wanka, na zuba farar shadda riga da wando da babbar riga, na isa filin tun ƙarfe goma don in shirya bayanin da zan yi mata.

Ashe ta riga ta yi wa Malam Sabo waya ta ce a haƙe mata wurin lambun tun yanzu, a zuba taki kafin ɓaraguzan siminti su ɓata ƙasar. Shi kuwa bawan Allah ya bi igiyata sau da ƙafa. Na tarar da rami dogo siriri, zurfinsa ya kai gwiwa, an tara jar ƙasa a gefe.

Malam Sabo ya dubi ramin ya dube ni.

"Alhaji, ka yi haƙuri, amma wannan ba lambu ba ne. Ko mutum ba zai iya kwanciya a ciki ba."

Mai hankali zai yi shiru ya sa a mayar da igiya. Ni kuwa raina ne ya ɓaci. Na ce mutum zai kwanta har da saura, kuma yanzu zan nuna masa. Ya ce in rufa wa kaina asiri, fararen kaya ne a jikina. Na tuɓe takalmi, na miƙa masa wayata, na sauka.

Na kwanta rigingine, ƙafafuna suka tokare. Sai na juya gefen dama na ɗan lanƙwashe gwiwa, na shige daram. Rana tana dukan idona, na ja hannun babbar riga na rufe fuska. Malam Sabo da leburori biyu suna tsaye a kaina, kowa riƙe da shebur.

Abin da na manta shi ne Baba Alhaji tsohon ma'aikacin gwamnati ne irin na da. In aka ce sha ɗaya, goma da kwata yana wurin.

Ban ji buɗe ƙofa ba. Salati kawai na ji, da muryar da ko a barci na santa. Sai liman ya ce a hankali, "Ikon Allah. Har an fuskantar da shi gabas."

Jama'a, ni ne fa mutumin da bai taɓa haɗa ido da Baba Alhaji ba. Daga nesa nake cire takalmi in durƙusa, ruwa ma ban taɓa sha a gabansa ba. Yau ga ni a miƙe cikin rami. Mutane kan ce da ma ƙasa ta tsage su shige, to ni na riga na shige kuma bai taimaka ba. Na ɗan yi tunanin in ci gaba da kwanciya kawai in ga iya inda abin zai tsaya, amma na hango leburan nan da shebur. Na yaye riga daga fuskata, kuma saboda ladabi ya bi jikina, daga kwancen na ce, "Barka da hantsi, Baba."

Hauwa ce ta matso, ta dubi faffaɗar barandar da igiya ta zagaye, ta dubi ko'ina, sannan ta tambayi Malam Sabo ina lambunta.

"Hajiya, ai shi ne Alhaji yake ciki."

Da ta yi faɗa da na ji sauƙi. Kallona kawai ta yi, na ga idonta ya kawo ruwa, kuma wannan ya fi kunyar surukin ciwo. Shekara tara tana ban ruwa a bokitin fenti, ni kuma na cinye mata lambu don wasu ƙarti su sha shayi.

Na yunƙura zan tashi, babbar riga ta naɗe ni, na koma. Baba Alhaji ya miƙo mini sandarsa ya jawo ni waje, bayana duk jar ƙasa. Sannan ya karɓi zanen gidan ya sa tabarau, ya tsaya a kan Malam Sabo har aka mayar da kowace sanda mazauninta. Da aka gama ya ce a ƙara wa lambun ƙafa uku daga baranda, tunda ya ga mai gidan yana son kwanciya a ciki, gara ya samu wurin miƙe ƙafa. Liman ya yi addu'a kafaɗunsa suna rawa.

Yau shekara biyu da tarewarmu. Lambun Hauwa ya cika da zogale, yakuwa, na'a-na'a da wata bishiyar gwaba daidai inda kaina ya kwanta. Barandata kujera uku take ci, in mai tumbi ya zo kuwa, biyu. Majalisa tana nan inda take, kuma labarin ya riga ni isa can. In na makara sai su ce a yi mini uzuri, wataƙila ina lambu.

Ni ke ba shukokin ruwa kullum da safe, ba wanda ya sa ni. Na koyi cewa filin da ka yi wa mace alkawari ba a taɓa masa igiya. Kuma in magini ya ce wuri bai kai ba, ka yarda da shi kana tsaye.