Azumin da Mai Fura Ta Karya

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da aka tura ni koyarwa wata firamare a Kalgo, ni da ban taɓa aiki a wajen Gwandu ba. Malaman wurin suna da al'ada: da an tashi tara sai a hallara gindin dalbejiya, wanda juyi ya zo kansa ya saya wa kowa fura da nono wajen Inna Ai, Bafulatanar da ke kawo talla. Mu goma sha ɗaya ne, kuma babu mai ƙaramin ciki.

Ni kuwa tarin kuɗi nake yi. Babana na noman albasa a fadama, da guga yake ban ruwa, ga ciwon baya ya sa shi gaba. Na yi wa kaina alkawarin kafin rani sai na saya masa injin ban ruwa. To amma in buɗe baki in ce ba ni da hali? Ni, sabon malami mai gogaggen kaftani? Sai na ce azumin nafila nake yi.

Da farko Litinin da Alhamis ne. Da na ga juyina na faɗowa a wasu ranakun, sai azumin ya mamaye mako. (Allah Ya yafe mini.) Nan da nan na yi suna. "Ai ɗan Gwandu ne, gidan karatu," in ji hedimasta. Har ni aka koma sawa in rufe taro da addu'a.

Abin da ba su sani ba, ni da fura ba ma rabuwa. Kafin tara sai in zagaya bayan aji shida, Inna Ai ta dama mini ta mutum ɗaya, in shanye a tsaye in goge baki.

Wata Alhamis hedimasta ya tsare ni a ofis da aiki har aka kaɗa ƙararrawa. Muka fito tare, ya ce in zauna da su ko ban sha ba. Ina zaune ina jan carbi, sai ga Inna Ai ta ratso mutane da kwano.

"Malam, yau ba ka taho bayan aji ba. Ga hurarka na aje ma, da sukari kamar kullum."

Hedimasta ya dube ni, ya dubi carbin, ya ce, "Malam, azumin ga naka, ƙarhe nawa aka shan ruwa?"

Dariyar da aka yi har 'yan aji ɗaya sai da suka leƙo. Kunya kamar in nutse. Na karɓi kwanon (tunda dai an dama), na faɗi gaskiya, tun daga ciwon bayan Baba har zuwa injin.

"To mi ya hana ka hwaɗi?" in ji hedimasta. "Mu ba mu da uwaye?"

Daga ranar aka cire ni daga juyi. Ina sayen kwanona ɗaya, ina sha a zaune cikin mutane.

Injin ya samu kafin rani. Ranar da ruwa ya fara gudu cikin albasar, Baba ya tsaya ya goya hannu a baya yana kallo kawai, kuma har yau ban yi abin da ya kai wannan faranta mini rai ba. Da aka cire albasa na kai wa malaman buhu guda, na koma juyi da ƙafata.

Har gobe Mai Azumi suke kirana, ina kuma amsawa. Na dai koyi cewa "ba ni da hali" ta fi azumin ƙarya sauƙin faɗa, musamman idan mai fura ta san yawan sukarinka.